Kwaɓin da Ya Kwana

A gidanmu ba a yin burodi. Ba gidanmu kaɗai ba, duk lungun nan namu na cikin birnin Kano ban san matar da ta taɓa cewa yau za ta gasa burodi ba, kamar dai yadda ba ka jin wadda ta ce za ta yi ashana ko kananzir. Burodi abin saye ne. Shi ne tsarabar Baba idan ya dawo daga Kaduna ko Jos, a cikin leda mai gumi, da 'yar takardar gidan burodin wadda mai ya jiƙa har ana karanta rubutunta ta baya. Shi ake nemo wa marar lafiyar da ya ƙi tuwo ya ƙi kunu. Shi ne a jere kan teburin mai shayi na bakin titi, inda maza ke zama kan benci da sassafe, tiriri na tashi, mai shayi na ɗaga kofi sama yana tsiyayowa cikin wani kofin ba tare da ɗigo ya taɓa ƙasa ba. Mu yara sai an aike mu da sulalla a ƙulle a bakin zane muke kusantar teburin, mu dawo muna ƙwaƙular gindin burodin da ɗan yatsa, mu juya wajen ramin ya kalli ƙasa kafin mu miƙa. Inna tana gani. Ba ta taɓa magana ba.

Alkama dai muna da ita, amma a hannun Kaka take. Ita ke aika a auno mata mudu biyu ko uku, ta zauna kan tabarma ta tsince tsakuwa a faifai, ta wanke, ta shanya a saman soro, sannan a kai inji, duk da dutsen niƙanta na nan jingine a bayan randa, da ɗansa a kai, ta hana kowa ya ɗaga shi. Daren Alhamis bayan isha'i take kwaɓin alkubus. Ko da wuta a gari sai ta kunna fitilar ƙwai, ta ce hasken lantarki yana ɗauke mata ido. Ta jawo babban masakinta da aka ɗinke tsagarsa da zare, ta tankaɗe gari da rariya, ta buɗe wani ƙoƙo da take ɓoyewa a ƙarƙashin gado, wanda ɗan ragowar kwaɓin wancan makon ke ciki yana tsami, ta dama shi da ruwan ɗumi ta zuba. Ba ta da kofi, ba ta da cokali. Hannu take tsomawa, ta buga, ta ɗago, ta buga, kwaɓin na ƙara yana bin yatsunta, awarwaronta na azurfa na kaɗawa da kowane bugu, har sai ta ji abin da take son ji, sannan ta suɗe hannun a bakin masakin ta rufe da faifai ta lulluɓe da tsohon zane.

“Kishiya, zo ki kwanta,” in ji ta. “Kallo ba ya sa shi ya tashi.”

Da asuba ni ke fara ɗaga zanen. Kwaɓin ya cika masaki har ya ɗaga faifan, samansa duk ƙananan idanu, ga wani ƙamshi mai ɗan tsami mai ɗumi da ke shiga hanci ya sauka har ƙirji. Daga nan sai gwangwanayen madara da aka wanke aka shafa wa man gyaɗa, sai madambaci kan murhu, sai hayaƙin kara, sai miyar taushe tana tafasa a gefe. In kuma gurasa ake so, ba a wahalar da kai, Jakara ake aikawa, wajen matan da ke manna ta a jikin tanderu da hannu tsirara su ciro ta da tabon wuta a bayanta. A shekarar 1987, da aka hana shigo da alkama, burodin mai shayi ya ƙanƙance, launinsa ya sauya, yana marmashewa a hannu, maza na ta gunaguni a zaure. Kaka ko a jikinta. Alkamarta ta Kadawa ce.

Ina mamakin yadda na zauna gefen masakin nan tun ban san dama da hagu ba har na isa aure, ban taɓa tsoma hannu ba. Ba a hana ni ba. Gani nake Kaka tana nan, masakin yana nan, Alhamis kuma ba ta ƙarewa.

A 2001 na tsinci kaina a Manchesta, amarya ce ni har lokacin a idon mutane, maigida yana karatu, ni kuma ina zaune a bene na biyu na wani gidan jan bulo ina kallon ruwan sama da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Kaka ta riga ta rasu. Abin da ya fi damuna a gidan nan ba sanyi ba ne, rashin ƙamshi ne. Kafet na da warinsa, hita na da nata, amma babu hayaƙi, babu daddawa, babu ƙasa da aka yayyafa wa ruwa aka share, babu abin da zai gaya wa hanci cewa mutane na rayuwa a nan. Burodin kanti kuma yankakke ne, fari fat, ba zaƙi ba nauyi, in ka matsa shi sai ya zama curi, ya yi kwanaki a leda bai sauya ba. Ranar Asabar mukan hau bas zuwa titin Wilmslow, unguwar Rusholme, inda shagunan 'yan Pakistan suke, mu sayi naman halal da shinkafa da barkono. Akwai wani shago da nake rage tafiya idan mun zo gabansa, don a ciki wani dattijo ke manna gurasarsu a jikin tanderu, ƙamshin na fitowa har bakin titi. Nakan ce takalmina ne ya kwance.

A kundin kayan Argos na fara ganin injin burodi. Kundi ne mai kauri, a lokacin ana ɗauka kyauta, na ajiye shi kusa da gado ina buɗe shafin nan har gefensa ya yi laushi. Yarinyar nan da ni ce a lokacin, yadda ta ɗauki zaɓen inji ɗaya da muhimmanci har yau yana ba ni tausayi da sha'awa. Ta yi layi-layi a bayan ambulan. Wani injin burodinsa dogo ne a tsaye, wani a kwance irin wanda ta saba gani. Wani yana da 'yar muciya ɗaya a gindin bokitinsa, wani biyu. Wani na gasa mai nauyin giram 700 kawai, wani har 900. Wani na da 'yar tagar gilashi a murfi, wani a rufe ruf. Akwai mai tsarin kwaɓi zalla, wanda zai kwaɓa ya bari ya tashi sannan ya tsaya bai gasa ba; akwai mai agogon da za ka saita tun dare ya fara aiki can cikin tsakar dare shi kaɗai. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin taga. Tana son ta gani.

Maigida magana ɗaya ya yi. “Duk wanda za ki ɗauka, ki tuna gida za mu koma da shi.” A nan kuwa an dace, don wutar Ingila da tamu kusan ƙarfinsu ɗaya, filoginsu mai ƙafa uku shi ne namu, ba kamar kayan Amurka ba masu cin wuta 110, waɗanda na ga an kawo wa wata 'yar uwata injin markaɗe daga can, aka jona shi a Kano, ya yi ƙara sau ɗaya ya yi hayaƙi. Na rubuta lambar da ɗan guntun alƙalamin da suke ajiyewa a kan kanta, na biya da kuɗin da na tara daga cefane, na zauna a kujera ina jiran a kira lambata. Kwalin ya fi yadda na zata girma. A cinya na riƙe shi cikin bas, haɓata a kansa.

Ɗan littafin da ya zo da shi na karanta kamar mai shirin jarrabawa. Ruwa ne farko, ɗan ɗumi, mililita 300 da 'yan kai. Sai fulawa giram 500, ba kowace ba, mai ƙarfi, wadda danƙonta ke iya riƙe iska idan kwaɓi ya kumbura. Gishiri a wannan kusurwa, sukari a waccan, ɗan bota, madarar gari, sannan a yi ɗan rami a tsakiyar fulawar da yatsa a zuba yis ƙaramin cokali ɗaya, kada ya taɓa ruwa, kada ya taɓa gishiri, har sai inji ya haɗa su da kansa. Nakan share saman cokali da bayan wuƙa don kada ƙwaya ɗaya ta ƙaru. Nakan durƙusa in daidaita idona da layin kofin awo. Jikar matar da ba ta taɓa auna komai ba ke nan.

Na danna. Da farko motsi yake yi a hankali, ya juya ya tsaya, ya juya ya tsaya, sannan ya kama gadan-gadan, curin kwaɓi na bugun jikin bokiti, dum, dum, dum, injin na ɗan rawa kan kanta, ni kuma na jawo kujera na kafa ido a tagar nan har numfashina ya rufe gilashin. Sai ya yi shiru. Shirun nan ya fi komai tsawo, sa'a guda ko fiye ba motsi, ɗumi kawai ke fita ta gefen murfi, kuma a cikinsa ne, tun kafin a fara gashi, ƙamshin nan ya taso. Ba ƙamshin burodi ba tukuna. Na kwaɓi mai tashi, mai ɗan tsami, na ƙarƙashin zanen Kaka. Na zauna a ƙasan kicin na jingina da firij, na yi kukan da ban samu na yi ba ranar da aka bugo waya daga gida da labarin rasuwarta.

Bayan sa'a uku da wani abu ya yi ƙara. Na sa tsumma na ciro bokitin, na kife, na girgiza, burodin ya faɗo da nauyinsa, ɓawonsa na ƙas-ƙas yana hucewa, ga rami a gindinsa inda 'yar muciyar ta zauna. Littafin ya ce a bari ya huce kafin a yanka. Ba mu bari ba.

Sannu a hankali na fara karkato da shi wajen namu. Na ƙara sukari, na ƙara madara, na goga gyaɗar ƙamshi kaɗan, na gane cewa in sukari ya yi yawa ɓawo na saurin yin duhu, sai na riƙa zaɓar gashi mai sauƙi. Azumin shekarar nan a farkon hunturu ya faɗo, daga Nuwamba zuwa Disamba, rana gajeruwa, ana shan ruwa tun wajen ƙarfe huɗu, dare kuma dogo har ka rasa yadda za ka yi da shi. Bayan tarawihi nakan jera komai a bokiti, ban da ƙwai ban da ɗanyar madara don kada su lalace kafin lokaci, in saita agogo in kwanta. Can cikin barci sai in ji dum, dum daga kicin, in gyara bargo in koma. Ƙamshi ke tashe mu sahur. Ɗalibai 'yan gida marasa iyali suka ji labari, suka riƙa biyo maigida shan ruwa, wani ɗan Sakkwato a cikinsu yakan riƙe yankansa da hannu biyu ya daɗe yana shinshinawa kafin ya ci, ya ce, “Hajiya, Allah Ya saka da alheri, yau na je gida na dawo.” Ban je Makka ba lokacin. Ban gyara masa ba.

Idan ina wanke bokitin nakan ji wasu 'yan tudu a tsaye a jikinsa ta ciki, yatsana na bi ta kansu, ban san amfaninsu ba. Sai daga baya na karanta cewa a Japan aka fara yin irin injin nan, kamfanin Matsushita, masu Panasonic, a tsakiyar shekarun 1980, kuma da farko burodin nasu ba ya yin kyau, waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta je ta zauna wajen babban mai gashin burodi na wani otal a Osaka tana koyon kwaɓi da hannunta, har ta lura ba ja kawai yake yi ba, yana ja yana murɗawa. 'Yan tudun nan don su riƙe kwaɓi muciya ta murɗa shi aka yi su. Na daɗe ina tunanin matar nan. Ita ta tsoma hannu.

Da muka tashi dawowa na naɗe injin da zannuwana na atamfa na sa shi tsakiyar akwati, na cire 'yar muciyar na ƙulle a jakar hannu tare da fasfo. Inna ta zagaya shi a tsakar gida, hannunta a baya. “Yanzu wannan shi kaɗai zai kwaɓa, ya jira, ya gasa?” Na ce e, Inna. Ta ce, “To, Allah Ya kyauta,” ta koma kan tabarmarta. Amma da burodin ya fito ita ta fara cewa a yanko mata gindin, wajen ramin, ta tsoma a shayi.

Kano ta sake koya mini injin daga farko. Awon da bai taɓa saɓa mini ba a Manchesta ya zama abin dubawa kullum. Da hunturu, iska ta bushe, fulawa ta bushe, sai ka ji muciya na nishi, kwaɓin ya dunƙule ya yi tauri yana tsagewa, dole a ƙara ruwa cokali-cokali. Da bazara kuwa, kicin ya ɗau zafi, yis ya yi gaggawa, kwaɓi ya taso har ya taɓa gilashi sannan ya rufta, burodi ya fito da kwari a ka. Sai na koma ɗibar ruwa mai sanyi daga randa, na rage yis, na daina saita agogon dare gaba ɗaya. Da damina fulawa ta sha danshi, ruwan ne ake ragewa. Ga kuma wuta. Injin na iya tuna inda ya tsaya na 'yan mintoci kawai, in an daɗe ba a kawo ba ya manta. In an ɗauke ana cikin gashi, burodin ya tafi, sai kaji. In kuwa ana cikin kwaɓi ne ko tashi, da sauran dabara: in juye shi, in sassauta shi da ruwa, in ɗora mai in yi fanke, ko in shafa wa gwangwanaye mai in turara. Ƙaramin janaretanmu na ɗaukar kwaɓi lafiya lau, amma da ƙarfen zafi ya kama sai muryarsa ta sauya, fitilun gida su yi ja.

Lokacin ne kuma ake ta maganar sinadarin buromet da wasu gidajen burodi ke zubawa don ya kumbura, Dora Akunyili da hukumarta ta NAFDAC na yaƙi da shi, mata suka fara tsoron burodin da ya cika girma ba nauyi. Maƙwabta suka riƙa aiko yara da fulawa a leda. “Wai in ji Mama, in da hali.” Da hali ko ba hali, akan yi. Wani lokacin 'yar muciyar kan maƙale a cikin burodi ta tafi gidan mutane, sai bayan magariba a ga yaro ya dawo da ita a wanke, a naɗe cikin takarda, da ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino na tukwici.

Alkamar gida na daɗe ban gwada ba. Da na gwada, na auno, na tsince, na wanke, na shanya, na kai inji, burodin ya fito gajere mai nauyi mai duhu, don dusar da ke cikin garin tana yanke danƙo, ba ta barin kwaɓi ya miƙe. Ɗanɗanonsa kuwa ba a magana. Na koma raba shi biyu da fulawa, ya daidaita. A nan ne tunanin alkubus ya zo mini, tunda shi ba ya neman tsawo. Na zuba garin alkama, na danna kwaɓi zalla, na buɗe murfi yana cikin juyawa, abin da dā ba na yi ko da wasa, na sa yatsu biyu na taɓa. Ya yi tauri. Ba littafi ya gaya mini ba, don littafin bai san alkubus ba. Yatsun ne suka ce ba haka yake bin hannun Kaka ba, ba haka yake ƙara ba. Na ƙara ruwa, na taɓa, na ƙara, har ya saki jiki yana ja yana dawowa. Ashe duk daren Alhamis ɗin nan da nake zaune na rungume gwiwa, wani abu na shiga.

Daga ranar kofin awo ya koma cikin kwaba. Fulawa ina aunawa har gobe, gishiri da yis ma haka, amma ruwa sai na taɓa. Na kuma samo ƙoƙo, na fara ajiye ɗan ragowar kwaɓi daga mako zuwa mako, ni a firij nake sa nawa.

Injin ya tsufa tare da ni. Farinsa ya koma ruwan ƙwai, rubutun madannansa ya goge sai dai yatsa ya san wurin kowanne, bel ɗinsa ya taɓa tsinkewa wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya nemo wanda ya yi daidai ya sa masa, bokitin ya fara ɗiga ta gindi har na daina barin ruwa ya jima a ciki. Gashi ya daina yi sosai. Kwaɓi kuwa har yanzu yana yi, da 'yar ƙara da ba shi da ita dā.

Kwanakin baya babbar 'yata, wadda aka haifa a Manchesta, ta bugo daga Abuja tana tsaye a wani kanti, injuna a jere a gabanta. “Umma, wanne zan ɗauka?” Na ce ta juya bayansa ta duba ƙarfin wutar da yake ci, ta tambaya ko ana samun muciyarsa da bokitinsa daban in sun lalace, ta tabbata yana da kwaɓi zalla, kuma kada yawan madannai ya ruɗe ta, uku za ta riƙa dannawa. Taga fa? Na ce ta ɗauki mai taga.

Da daddare ta sake bugowa tana neman awon alkubus. Sai da na shiga kicin na ɗebo gari yadda hannuna ya saba, na zuba a sikeli, na ɗebo ruwa na juye a tsohon kofin awon nan na durƙusa na duba layi, sannan na iya gaya mata lamba. Na ce amma bayan minti goma ta buɗe ta taɓa. Washegari ta turo hoto, ta ce ya yi tauri, ko injin ne ba shi da kyau? Na tambaye ta ko hazo ya sauka a wajensu. Ta ce tun shekaranjiya. Na ce ta ƙara ruwa cokali uku, ta sake taɓawa, ta kira ni.